Kitson Saude

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Hajiya Hasiya ta sunkuya ɗauko almakashi a bayan keken ɗinkinta, sai hannunta ya taɓa wani farin ƙyalle a ninke. Ta ɗago shi, ta warware a kan cinyarta. Kallabin likkafani ne, kuma ɗinkin hannunta ne.



Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou ya san Hajiya Hasiya, ko da a suna ne. Shugabar makarantar 'yan mata ce a Kano kafin ta yi ritaya ta karɓi kasuwancin marigayi mijinta na labulaye da kayan gado. Ba a taɓa jin muryarta a titi ba, ba a taɓa kai ƙararta wurin kowa ba. Abin da ya fi ɗaga darajarta a idon 'yan kasuwa kuwa shi ne wankan gawa. Idan mace Musulma ta rasu a garin, ita ake bugawa waya. Ta ɗauki kafur ɗinta da garin ganyen magarya da take sa a kawo mata daga gida, ta je ta yi abin da ya wajaba, kafin a yi wa mamaciyar allurar da ke hana jiki lalacewa, a saka ta a akwatin ƙarfe, a liƙe bakinsa da dalma, a ɗora a jirgi zuwa gida.

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik komai ya tsananta. Biza ta yi wuya, 'yan sanda suna bin gidajen haya suna duba fasfo, gidan ajiye gawa da ke bayan gari shi ma ya sabunta ƙa'idojinsa ya liƙa su a ƙofa. Hajiya ba ta karanta rubutun Sinanci. Najiba ce ta karanta mata.

Najiba 'yar Kano ce da ta zo karatun aikin jinya a wata jami'a a unguwar Tianhe, tallafin karatunta ya yanke, Hajiya ta ɗauke ta ta ba ta ɗaki, ta ci da ita kamar 'yar cikinta. Ita ce ta tsaya gaban takardar nan ta ce, "Mama, sun ce daga yanzu ba mai shiga ɗakin gawa sai mai lasisi, ko ɗan koyo da aka yi wa rajista a ƙarƙashin mai lasisi."

Shekarun Hajiya sun wuce na zama 'yar koyo. Don haka ita da kanta ta nema wa Najiba gurbin, a hannun wani dattijo mai suna Liyang wanda shi ne babban mai lasisin gidan. Gurbin ya zo da izinin zama a ƙasar. Sannan ta zaunar da yarinyar ta koya mata wanka a kan dogon matashi da aka naɗe da zane: yadda ake rufe al'aura, yadda ake fara alwala, yadda ake gabatar da dama, yadda kafur yake zuwa a ruwan ƙarshe. Ta fi nanata maganar kai. A tsefe kitso duka komai ƙanƙantarsa, domin ruwa ya ratsa. A wanke, a taje, a kama shi gida uku a zuba baya, sannan a ɗaura kallabi. Da ta gamsu, ta tsaya gaban manyan 'yan kasuwa bayan sallar Juma'a ta ce hannun Najiba hannunta ne.

Mata biyu suka rasu bayan haka: Lami, 'yar Kantin Kwari, da Madina, wata matashiya daga Damagaram. Kowaccensu Hajiya ta ɗinka mata likkafani, ta miƙa wa Najiba a bakin ƙofa, sannan ta buga wa dangi waya ta ce an yi sutura yadda addini ya tanada, ita ce shaida, kada a wahalar da kai buɗe akwati, salla kawai ta rage.

Ta uku ita ce Saude.

Tun suna kwalejin horar da malamai gadajensu ke jere. Duk zuwan da Saude za ta yi sarin kaya, a gidan Hajiya take sauka. Ranar da ta iso a wannan karon ta cire ɗankwali ta zube a ƙasa tsakanin ƙafafun aminiyarta tana cewa, "Hasiya, taimaka mini da kan nan, ya zama sheƙar tsuntsu." Hajiya ba ta yi wa kowa kitso a duniya in ba ita ba. Ta yi mata ƙananan shuku, suna yi suna gulmar malaman da suka daɗe da mutuwa. Washegari Saude ta yanke jiki ta faɗi a kasuwar atamfa. Ba ta kai asibiti ba.

Da azahar ɗin wannan rana Najiba ta bugo daga gidan gawa.

"Mama, an gama."

"Kin tsefe mata kai?"

"Na tsefe."

"Gida uku?"

"Uku, Mama. Na zuba baya, na ɗaura kallabi."

A kan wannan maganar Hajiya ta kira Alhaji Barmo, mijin Saude, a Kano, ta ba shi tabbacin da ta ba sauran. Ya yi kuka ya ce, "Tunda ke kika faɗa, Hajiya, hankalina ya kwanta." Da safe za a liƙe akwatin a wuce da shi filin jirgin Baiyun.

Ga kuma kallabin a kan cinyarta.

Ta nema wa yarinyar uzuri. Wataƙila ta ga babu ne ta yanko daga wani ƙyallen, ta ji nauyin faɗa. Ta buga mata waya, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake bugawa. Daga nan ta ninke kallabin ta saka a jaka, ta yafa mayafi ta sauka. Mahaifiyarta ba ta taɓa barin ɗa ya taka waje da almuru ba, kuma Hajiya ta riƙe wannan har girmanta. Amma akwatin da aka liƙe ba ya jiran kowa.

Ta tari tasi, mai tasin ya ja su har suka bar manyan tituna. Da ya fahimci inda aka dosa, ya rage gudu, ya tsaya a bakin wata hanya mai itatuwa ta kowane gefe, ya nuna mata gaba da haɓa. Ta roƙe shi ya ƙarasa. Ya girgiza kai. A watan nan na kalandarsu, wanda ya zo daidai da Sha'aban, mutanen garin suna cewa matattunsu na yawo, kuma ba direban da zai kai motarsa ƙofar gidan gawa da yamma. Tana sauka ya juya.

Hanyar shiru. An yi ruwa da la'asar, ƙasa tana fitar da zafi. Jijiyoyin itatuwan suna saukowa daga rassa kamar igiyoyi, suna ɗiga. A bakin kwalbati wata tsohuwa ta tsuguna tana ƙona takardu a cikin gwangwani, ta jera lemo da 'yar shinkafa a gefe. Ba ta ɗago ba. Hayaƙin ya bi Hajiya har ta yi nisa.

Mai gadin ƙofa ya manna fuskarsa ga ƙaramin talabijin, ana tseren ninƙaya, mai sharhi yana ihu. Ta gaishe shi, ta ambaci sunan Najiba, ta nuna jakarta. Ya kalli ƙirjinta inda ya kamata katin ma'aikata ya rataya.

"Meyo," ya ce, wato babu. Ya nuna mata wani benci a zauren jira, ya koma kan wasansa.

Ta zauna. Zauren dogo ne, fitila ɗaya ke ci a ƙarshensa. Wani wuri a bayan bango inji yana gurnani a hankali. Ta lura lokacin magariba ya shiga, ta fara tunanin inda za ta shimfiɗa mayafinta ta yi salla.

Sai ƙofar gefe ta buɗe.

Mace ce a tsaye cikin farar rigar aiki, fuskarta a rufe da takunkumi, kanta da farar hula. Hasken yana bayanta. Ta ɗaga hannu ta yafito.

"Najiba? Tun ɗazu nake neman ki."

 Matar ta juya ta shiga.

Hajiya ba mace ba ce mai shiga inda ba a gayyace ta ba. An gayyace ta, ta tashi ta bi.

Bayan ƙofar wani siririn lungu ne mai fararen tayil. Sanyi ya fara daga ƙafa. Warin ya zo daga baya, mai yaji, irin wanda ke kama maƙogwaro ya sa ido ruwa. Ta san shi, warin maganin allurar gawa ne. Ta buɗe hanci tana neman ƙamshin da ya kamata ya biyo shi, domin inda aka yi wanka da rana kafur yakan kwana.

Babu kafur.

Takalmanta suna ƙara a kan tayil. Ta saurara. Nata kaɗai ne.

"Najiba, tsaya mana."

Farar rigar ta ci gaba, ba sauri ba jinkiri. A ƙarshen lungun wata ƙofa mai kauri tana buɗe. Ta shige. Hajiya ta bi ta.

Ɗakin ba shi da taga. Bangonsa ɗaya duk ƙananan ƙofofin ƙarfe ne, a jere, wasu bisa wasu. Numfashinta ya fara fita fari. A tsakiyar ɗakin akwai 'yar gajeriyar kujera.

A bayanta ƙofar ta rufe. Ba da ƙarfi ba. Ƙit.

Matar ta zagaya gaban kujerar, ta ba ta baya, ta zame ta zauna a ƙasa. Ta miƙe ƙafafu. Ta ɗan sunkuyar da wuya. Duk macen da ta taɓa zama a gaban makitsiya ta san wannan zaman.

Ta sa hannu ta zare hular.

Ƙananan shuku ne. Hajiya bahaguwa ce, duk dukan da ta sha a makarantar allo bai raba ta da hagu wajen kitso ba, shi ya sa layukanta kullum suke kwantawa gefe guda. Waɗannan sun kwanta. Ga baƙin zaren da ta ɗaure jelar ƙarshe da shi, wanda ta tsinka da haƙorinta.

"Hasiya."

Muryar ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu.

"Taimaka mini da kan nan."

Ta so ta karanta Ayatul Kursiyyu. Ta fara, harshenta ya tsaya a farkon aya. Ta sake farawa. Ƙafafunta suka tafi da ita ba da izininta ba. Ta samu kanta a kan kujerar.

Bayan ya jingino da ƙaurinta. Nauyin ta san shi. Sanyin ba ta san shi ba.

"Ya ɗaure ni. Ruwa bai shiga ba."

Yatsunta suka kama jelar farko. Gashin a bushe yake ƙayau, yana ƙamshin man da ta shafa masa da hannunta. Ta warware. Ta kama kitso na biyu.

"Kin ce wa Alhaji an gama."

"An gaya mini ne," Hajiya ta raɗa.

"Ke kika faɗa."

Na uku. Na huɗu. Farcenta ya daina jin komai. Injin ya yi shiru, ta ji ɗigar wani abu a nesa.

Sannan ta ji motsin zane a hagunta.

Ba ta so ta waiwaya ba. Wuyanta ya juya.

Su biyu ne a gindin bango, a zaune, sun haɗa gwiwa da ƙirji kamar masu jiran layi a gidan kitso. Kawunansu a buɗe. Ɗaya kalaba ce ta tsufa. Ɗayar kitson Damagaram ne, da 'yan duwatsu a goshi.

Ba su kalle ta ba. Jira kawai suke.

"Idan kin gama nawa, ga Lami," in ji muryar. "Madina ta fi daɗewa, amma yarinya ce, za ta yi haƙuri."

Hajiya ta yunƙura za ta tashi. Bayan ya ƙara danne ƙafafunta.

"Ina za ki? Zauna mana. Mu ba sauri muke ba."

Sanyin ya kai ƙugu. Ya kai ƙirji.

Wani barci mai daɗi ya fara saukar mata.

Yatsunta ba su tsaya ba.

Ta ji ɗayar ta matso.

Haske ya faɗo ɗakin gaba ɗaya. Wani yana magana da ƙarfi cikin Sinanci, hannaye biyu suka kama kafaɗunta suka ja ta baya a kan tayil. Iska mai ɗumi ta bugi fuskarta kamar mari.

Dattijo Liyang ne. Al'adarsa ce ya leƙa ma'aunin sanyi kafin ya tafi gida, kuma ƙofar ɗakin ba ta buɗuwa daga ciki idan hannun mutum ya sandare. Abin da ya tarar shi ne mace a durƙushe a ƙasa, leɓɓanta sun yi baƙi, babu kujera ko ɗaya a ɗakin. Ma'ajiyar gawar Saude ta ƙasa a jawo take waje, hannayen matar a cikin gashin gawar, rabin kitson a tsefe. Ya duba kwaɗon ma'ajiyar, ya laluba aljihunsa ya fito da mabuɗin, ya tsaya yana kallon su biyun.

A ofishinsa aka lulluɓe ta da bargo, aka ba ta ruwan zafi. Can sai ga Najiba ta shigo da sauri daga ɗakin hutun ma'aikata, katinta yana lilo a wuya, wayarta a hannu. Ta ga Hajiya, ta ga farin kallabin da ya leƙo daga jaka, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, me ya kawo ki?"

Hajiya ta ajiye kofin. 

"Kin ce kin tsefe."

Najiba ta kau da kai.

"Lami fa?"

Najiba ta shiga murɗa igiyar katinta.

"Madina?"

"Mama, ki bari mu je gida in yi miki bayani."

"A nan za ki yi."

Dattijon yana duban wannan yana duban waccan. Ya yi wa Najiba tambaya, ta amsa masa a gaggauce. Hajiya ta ɗaga masa hannu. Ba ta ƙara yarda a fassara mata komai ba. Da ɗan Turancin da yake ji, da alamun hannu, ta tambaye shi da kanta: ruwa, wanka, matan nan, an yi?

Ya yi mamakin tambayar. Ya nuna Najiba, ya ce ita ce ta gaya masa mutanenta ba sa bukata, a can gida ake buɗe akwati a yi wanka. Sannan ya tashi ya ce ta biyo shi. A ɗakin aiki ya kama wani koren labule da ke naɗe a jikin bango, ya ja shi a kan sandarsa har ya raba ɗakin biyu. Ya ce ya daɗe da sa shi saboda Musulmin garin. Doka ta ce mai lasisi ya kasance a ɗaki, ba ta ce sai ya kalla ba. Idan dangi suka nemi yin ibadarsu, macen da suka zaɓa takan shigo, shi ya tsaya ta wancan gefen har ta gama. Yana nan a rubuce a ƙasan takardar da ke ƙofa.

Hajiya ta taɓa labulen. Ƙura ta kwanta a ninkinsa.

"Ashe ina iya shigowa," ta ce, ba tare da ta juya ba.

"Mama..."

"Tun daga Lami ina iya shigowa. Kika bar ni a bakin ƙofa ina miƙo miki kafur."

Najiba ta ɗago kai. Da ta buɗe baki, ba kuka ta yi ba, kuma wannan ne Hajiya ba ta manta ba. Magana ta yi a tsare, kamar wadda ta daɗe da shirya ta.

"Gawar da aka yi wa ibada a bayan labule ba ta shiga lissafin koyona. Sai wadda na yi aiki a kanta daga farko har ƙarshe a gaban idonsa. Idan ban cika adadin ba kafin jarrabawa, ba lasisi, ba izinin zama. Kin san abin da ake yi wa waɗanda bizarsu ta ƙare a bana. Cewa na yi idan na samu lasisin, duk waɗanda za su zo nan gaba ni zan yi musu da kaina, ba mai hana ni."

"Waɗanda suka riga suka zo fa?"

"Allah yana ganin uzurina."

"Da bakin wa aka gaya wa mazajensu kada su buɗe akwati?"

Najiba ta dubi ƙasa.

"Da bakin wa, Najiba?"

"Naki, Mama."

"Kada ki ƙara kirana da wannan sunan."

Da sassafe, kafin mai dalma ya iso, Hajiya Hasiya ta dawo da kafur da magarya da wata dattijuwa 'yar Gana da ke sayar da abinci a Dengfeng, domin ta zuba mata ruwa. Liyang ya ja labulensa ya tsaya ta baya, suna jin tarinsa jefi-jefi. Ta ƙarasa tsifar daga inda ta tsaya. Ta wanke kan aminiyarta har ruwa ya ratsa ko'ina, ta taje, ta kama gida uku ta zuba baya, ta ɗaura kallabin. Fuskar Saude ba ta nuna mata komai ba. Fuskar mamaciya ce kawai.

Sauran biyun sun daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Ba wanda ya san abin da ya faru sai mutum uku, kuma biyu daga ciki ba su da dalilin faɗa. Hajiya ta yini tana duban wayarta. Da la'asar ta ɗauka ta kira Kano, sannan ta kira Damagaram, ta gaya musu da bakin da ta ba su tabbaci cewa tabbacin ba gaskiya ba ne. Ba ta ambaci sunan kowa ba, domin ita ce ta ce hannun nan hannunta ne. Mijin Lami ya saurare ta har ƙarshe ya kashe waya. Mahaifiyar Madina ta tambaye ta, a hankali, ko ita ma ta haifa.

Labarin ya zaga Dengfeng kafin azumi ya kama. Waɗanda da suke tashi su ba ta kujera suka koma gaishe ta daga zaune. Najiba ta kwashe kayanta ranar da Hajiya ba ta gida, ta bar mabuɗi a ƙarƙashin tabarmar ƙofa. An ce daga baya ta ci jarrabawar.

Wani malami da Hajiya ta tambaya ya ce mata matacce ba ya dawowa, aljanu ne ke aron kamanni su yi wasa da zuciyar da ke cikin damuwa, kuma wanda aka binne bisa kuskure hukuncinsa yana wurin Mai rahama. Ba ta yi masa musu ba. Ta ci gaba da wankan gawa, kuma ba ta ƙara aika kowa a madadinta ba.

Abu ɗaya ne ya canja a gidanta. Ta fitar da gajerun kujeru duka ta bayar. Idan rana ta kusa faɗuwa, komai baƙin da ke falo, takan sauka ƙasa ta tanƙwashe ƙafafunta a ƙarƙashinta, ta manna bayanta da bango har a idar da sallar isha'i. Baƙi suna ɗauka ciwon gwiwa ne, ita kuma ba ta gyara musu ba.

Sau ɗaya ta manta. Tana zaune a bakin gado tana jan carbi, ƙafafunta a ƙasa, hasken taga yana ja. Sai ta ji wani siririn baya mai sanyi ya jingino da ƙaurinta, a hankali, cikin ladabi, da 'yar ƙarar duwatsun goshi.